'Yan ajin ɗana suna cin zarafinsa a intanet, suna cewa ba namiji ba ne: ta ina zan fara?

Tambaya: Ɗana shekararsa 14. Muryarsa siririya ce, ba ya son ƙwallo, ya fi sakewa cikin 'yan'uwansa mata. 'Yan ajinsu sun ɗauke shi bidiyo yana tafiya ba da saninsa ba, suka ɗora a TikTok, suka kuma shafa wa hotonsa jambaki suka mai da shi sitika a zauren WhatsApp na aji. Kullum ɗan daudu suke kiransa. Yanzu ya rage cin abinci, da safe sai ya ce cikinsa na ciwo don kada ya je makaranta. Da na matsa masa, ya ce shi ma wani lokacin ba ya jin kansa kamar sauran maza. Babansa ya ce a ƙwace wayar, a takura masa har ya zama namiji. Ta ina zan fara?

Amsa: Sannu da wannan damuwa, Allah ya kawo sauƙi. Magana biyu ce a cikin tambayarki, kuma yawancin ɓarnar da iyaye ke yi a irin wannan hali daga cakuɗa su take fitowa. Ta farko, ana zaluntar yaro. Ta biyu, yaron yana da tambaya a ransa game da kansa. Ta farko ta gaggawa ce, a cikin kwanakin nan za a yi aikinta. Ta biyu tana iya ɗaukar shekaru, kuma ba waɗanda suka yi sitika ne za su yanke hukuncinta ba. Idan aka ce wa yaro "gyara tafiyarka tukuna, za su ƙyale ka", abin da ya ji shi ne gida ma ya yarda laifinsa ne. Daga ranar ba zai sake kawo muku labari ba.

Kafin waya, kafin makaranta, ki fara tabbatar da lafiyar ransa. Ciwon cikin safe da rage cin abinci alamu ne na cewa abin ya riga ya taɓa jiki. Wani nazari da masana a Jami'ar Swansea ta Birtaniya suka jagoranta a 2018, wanda ya haɗa bincike kan yara da matasa sama da 150,000 a ƙasashe 30, ya nuna cewa waɗanda ake cin zarafinsu a intanet sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen cutar da jikinsu ko yunƙurin kashe kansu. Don haka ki tambaye shi kai tsaye, ku biyu kawai, cikin sanyin murya: "Abin nan ya taɓa kai ka ga tunanin gara ka mutu, ko ka ji wa kanka ciwo?" Iyaye da yawa na tsoron tambayar za ta sa masa tunanin. Bincike ya daɗe da nuna ba haka ba ne, sau da yawa ma sauƙi yaro ke ji da aka buɗe masa ƙofar. Idan ya ce e, kada ki yi salati da kuka a gabansa, kada ki yi masa faɗa. Ki tambaya ko ya yi tunanin yadda zai yi da lokacin da zai yi. Idan yana da shiri, ko ya taɓa gwadawa, a ranar za a kai shi asibiti, ba a barinsa shi kaɗai, a kuma kulle magunguna da maganin ƙwari da duk wani makami. Ki lura da sa riga mai dogon hannu a lokacin zafi, da rabar da kayan da yake so, da natsuwa ta farat ɗaya bayan doguwar damuwa.

Maganar ƙwace waya kuwa, ba mu goyi bayanta ba. Bidiyon na nan yana yawo ko yana da waya ko babu, sai dai yanzu ba ku ganin abin da ake yi. Shaidun da za ku buƙata suna cikin wayar. Aboki ɗaya ko biyu da suka rage masa ta nan suke samunsa. Tsoron a ƙwace waya yana cikin manyan dalilan da ke sa yara ɓoye irin wannan, ga shi ya faɗa kuma an hukunta shi. Ki faɗa masa a fili: "Ba za a karɓe maka waya ba, tare za mu duba ta."

Ku zauna tare ku tara shaida kafin ku toshe kowa ko ku kai rahoto, domin da zarar an toshe mutum ko an cire abu, ba lallai ku sake ganinsa ba. Kowane sikirinshot ya nuna sunan asusun da abin da aka rubuta da rana da lokaci. Ku kwafi adireshin bidiyon da na shafin wanda ya ɗora, saboda sunan da ke bayyana a sama ana canza shi cikin minti ɗaya. Bidiyo kuma a ɗauki allon yana tafiya, har da sharhin da ke ƙasa. A WhatsApp akwai hanyar fitar da hirar zaure gaba ɗaya zuwa imel, ku yi haka, ku kuma ɗauki jerin mambobi da lambobinsu da wanda yake admin. Snapchat yana sanar da mutum idan an yi sikirinshot na saƙonsa, saƙon WhatsApp mai buɗuwa sau ɗaya kuma ba ya ɗaukuwa, don haka a nan sai a ɗauki hoton allon da wata wayar daban. A ajiye komai wuri biyu, ɗaya ba a wayar yaron ba, don kada ya riƙa komawa yana karantawa. Ki sami littafi ki riƙa rubuta layi ɗaya ga kowane abu: rana, manhaja, wa ya yi, me ya yi, su wa suka gani. Wannan littafin ne ke nuna abin maimaituwa yake yi, kuma maimaituwa ce ke raba zalunci da abin da makaranta za ta kira wasan yara.

Abu ɗaya ba a ɗauka, ba a turawa ko da ga malami: hoton tsiraicin yaro, na gaske ne ko haɗa shi aka yi da manhaja. Ajiye shi ko tura shi laifi ne a ƙasashe da yawa, ko da uwa ce ta yi. Adireshin da sunan asusun kawai za a rubuta. Akwai shafin Take It Down na cibiyar NCMEC ta Amurka mai aikin kare yara, kyauta ne ga 'yan ƙasa da shekara 18 a ko'ina suke. Idan hoton yana cikin wayar yaron, shafin na fitar da wata lambar shaida daga jikinsa ba tare da hoton ya bar wayar ba, manhajojin da suka shiga tsarin, irin su Facebook da Instagram da TikTok, sai su yi amfani da lambar su gano shi su cire. Idan kuma wani na neman kuɗi ko ƙarin hotuna don ya rufa asiri, kada a biya. Wanda aka biya sau ɗaya dawowa yake yi.

Sai kai rahoto ga manhajojin. Ku zaɓi dalilin da ya dace, wato cin zarafi da tsangwama, ku nuna wanda ake yi wa yaro ne, domin ka'idojin manhajoji sun fi tsanani idan abin ya shafi yara. Asusun bogi da aka buɗe da sunansa rahotonsa daban ne, na sojan gona. Facebook ya bayyana cewa yawan masu rahoto ba shi ke sa a cire abu ba, don haka tara dangi su danna ba ya ƙara komai. Abin da ke yawan lalacewa shi ne, na'urori da ma'aikatan tacewa ba su ƙware a harsuna da yawa ba, sai amsa ta dawo cewa ba a ga laifi ba. Ku ɗaukaka ƙara, inda aka ba da filin rubutu ku fassara zagin a taƙaice. A WhatsApp, rahoto na tura wa kamfanin saƙonni biyar na ƙarshe ne kawai na wanda aka kai ƙara, don haka a yi shi lokacin da zagin yake sabo. Sitikar da ta riga ta shiga wayoyin mutane babu mai iya janye ta. Admin na iya goge saƙo ga kowa cikin kimanin kwana biyu, bayan nan sai dai a sa yaran su goge da hannunsu, wannan kuma aikin makaranta ne.

Toshewa tana da amfani ga baƙo. Ga ɗan aji da za su haɗu gobe, wani lokacin tana tunzura shi ya buɗe sabon asusu. Instagram yana da abin da ya sa wa suna Restrict: mutumin zai ci gaba da rubuta sharhi, amma shi kaɗai ke gani, kuma bai san an taƙaita shi ba. A Instagram da TikTok duka ana iya rubuta jerin kalmomin da ba a so, a ɓoye duk sharhin da ke ɗauke da su. Ku sa zagin da ake yi masa da kowane irin rubutu da yaran ke yi, da ƙugiya da babu, a haɗe da rabe. A mai da asusunsa na sirri, a tace mabiya ɗaya bayan ɗaya, a WhatsApp a hana kowa saka shi a zaure sai waɗanda shi yaron ya ajiye lambobinsu, a kashe taswirar Snapchat mai nuna inda yake. A canza lambar sirri, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a fitar da duk wata na'ura da aka taɓa shiga asusun da ita, domin yara kan ba abokai lambar sirrinsu, abokin jiya kuma yakan koma cikin masu yi. Ki duba ranar haihuwar da ya sa. TikTok yana rufe saƙon sirri ga 'yan ƙasa da 16, Instagram ma tun 2024 yana da asusun matasa mai ƙarin kariya, amma yaron da ya rubuta shekara 20 duk ya rasa waɗannan.

Kada ya rama, ke ma kada ki shiga sharhi ki kare shi. Kowane martani na ƙara tura bidiyon gaba, amsar uwa kuma sabon abin dariya take zama. Haka nan kada ki wallafa labarin a shafinki don neman goyon baya, mutum 40 da suka sani sai su zama dubbai.

Tunda 'yan aji ne, a makaranta za a kashe wutar. Ki nemi ganin shugaban makaranta ko mai ba ɗalibai shawara, ki tafi da takarda a rubuce da shaidu biyar ko shida mafi ƙarfi, ki riƙe kwafi. Idan aka ce ba a makaranta aka yi ba, amsar ita ce ɗalibanku ne, zauren ajinku ne, kuma ya hana yaro zuwa aji. Ki nemi abubuwa takamaimai: a sa a goge bidiyon da sitikar, a ga kowane yaro da iyayensa daban-daban, malami ya shiga zauren ko a rufe shi, a ba ɗanki babba ɗaya da zai iya zuwa wurinsa kowane lokaci, a sa ido a wuraren da babu malami kamar bayi da ɗakin canza kaya da bakin ƙofa, a kuma sa ranar da za ku sake zama, kada ta wuce mako biyu. Abu biyu ki ƙi amincewa da su. Kada a tara su da shi a ce su gaisa su yafe wa juna, domin sulhu na waɗanda ƙarfinsu ya zo ɗaya ne, a nan kuwa taro ne a kan mutum ɗaya. Kada kuma a kira sunansa a taron ɗalibai. Mafi muhimmanci, abin da ya faɗa miki game da yadda yake jin kansa ba ya cikin ƙarar. Makaranta ba ta buƙatarsa don ta hana zalunci, kuma idan ya fita daga bakinki ba ya komawa.

Ki tambayi malamin abin da zai yi da sauran 'yan ajin, masu kallo da tura alamar dariya. Su ne ke ciyar da abin. Wani bincike da aka yi a filayen wasan makarantun firamare a Kanada, aka wallafa a 2001, ya gano cewa idan wani yaro ya sa baki, a kashi 57 cikin ɗari na lokutan zaluncin na tsayawa cikin daƙiƙa 10. Shirin KiVa na yaƙi da cin zali a makarantu da Jami'ar Turku ta Finland ta tsara shi ma a kan masu kallo ya ginu. Yaro uku da za su daina turawa, ɗaya ya rubuta "ku bari", sun fi korar mutum ɗaya tasiri.

Hukuma tana shigowa idan akwai barazanar duka ko kisa, ko neman kuɗi, ko hoton tsiraici, ko an wallafa adireshin gida. A ƙasashen da doka ko jama'a ke da zafi kan wannan batu, ki fara ganin lauya ko ƙungiyar kare haƙƙin yara, a tsara ƙarar a kan barazanar kanta, don kada bincike ya juya kan yaron.

Yanzu magana ta biyu. "Ba na jin kaina kamar sauran maza" jimla ce da ke iya ɗaukar abubuwa daban-daban, kada ki yi saurin fassara ta. Tana iya zama maganar jiki. Balagar namiji na farawa ne tsakanin shekara 9 da 14, murya kuma sai an yi nisa take buɗewa, don haka a aji ɗaya za a ga mai gemu da mai muryar yara. Kusan rabin yara maza kan sami ɗan kumburin nono a wannan lokaci, yawanci ya baje da kansa cikin wata shida zuwa shekara biyu. Idan ya cika 14 babu alamar balaga ko ɗaya, musamman girman 'ya'yan maraina, likitan yara ya duba shi. Tana iya zama maganar hali kawai. Sanyin hali da ƙin ƙwallo ba sa nuna komai game da jinsin mutum ko sha'awarsa, amma sukan jawo tsangwama: rahoton UNESCO na 2019 ya nuna kamannin jiki ne dalilin da ɗalibai suka fi ambata na cin zarafi, kuma yaran da ake ganin ba su bi salon da aka saba wa jinsinsu ba sun fi fuskantar haɗari. Zagin kansa ma yana iya haifar da tambayar. Yaron da ake gaya wa kullum cewa shi ba namiji ba ne dole wata rana ya tambayi kansa ko gaskiya ne. Sannan akwai matasan da ke jin, a kai a kai kuma na tsawon lokaci, cewa jinsin da aka haife su da shi bai dace da yadda suke jin kansu ba, har abin ya zame musu ƙunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan yanayi daga babin cututtukan ƙwaƙwalwa a sabon kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022. Likitoci da ƙasashe sun saɓa sosai kan irin kulawar asibiti da ta dace da masu ƙananan shekaru. Inda manyan ƙungiyoyin likitocin yara da na ƙwaƙwalwa suka haɗu shi ne, duka da kunyatarwa da tilastawa ba sa canza abin da ke zuciya, ƙunci da ɓoye-ɓoye suke ƙarawa.

Ba za ki iya sanin wanne ne cikin waɗannan ba yayin da ake tsakiyar yi masa ihu, shi ma ba zai iya ba. Don haka ba a buƙatar ki sa masa wani suna, ba a kuma buƙatar ki musanta abin da ya faɗa. Ki ce: "Na ji abin da ka faɗa, na gode da ka gaya min. Kai ɗana ne, babu abin da zai canza wannan. Ba sai mun gane komai yau ba." Tambayoyinki su zama masu buɗe baki: tun yaushe kake jin haka, kafin su fara ne ko bayan sun fara, me ya fi damunka. Amsar "tun yaushe" ita ce ta fi haska hanya. Kada ki binciki wayarsa a ɓoye, kada ki kai maganar wurin dangi don neman shawara.

Babansa tsoro ne ke magana a bakinsa, yana ganin idan yaron ya taurare duniya za ta ƙyale shi. Ki same shi ku biyu, ba a gaban yaro ba, ki nuna masa shaidun da idonsa, domin uba da yawa sai sun karanta sharhin suke gane girman abin. Ba sai kun daidaita kan magana ta biyu ba. Ku daidaita kan abu uku: babu duka, babu maimaita zagin waje a cikin gida ko da wasa, daga yayye ko ƙanne, babu barazanar kora. Binciken da Caitlin Ryan da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2009, kan matasa masu sha'awar jinsinsu ko jinsi biyu, ya gano cewa waɗanda gida ya yi wa ƙyama mai tsanani sun ninka waɗanda ba a ƙyamace su ba fiye da sau takwas wajen yunƙurin kashe kai. Aikin da suka ci gaba da yi da iyalai masu riƙo da addini ya nuna ko rage ƙyamar kaɗai na rage haɗarin, ba tare da iyaye sun bar aƙidarsu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: yaron da aka kora a aji aka kuma kora a gida, baƙi yake nema a intanet, akwai kuma manya da ke farautar irin waɗannan yaran, su fara da tausayi, su nemi a koma hira ta sirri, su ƙare da neman hoto. Ki gaya masa wannan salon a fili don ya gane shi idan ya gani. Uban kuma ya ware lokaci da shi a kan abin da yaron ke so, ba abin da zai gwada mazantakarsa ba.

Idan za ku nemi ƙwararre, ku nemi likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya mai lasisi da ya saba aiki da matasa. Ki tambaye shi tun farko me zai riƙe a sirri, me zai gaya wa iyaye, da yadda yake aiki da yaron da ke da tambaya kan jinsinsa. Wanda ya yi alkawarin gyara shi cikin zama kaza, da wanda ya yanke hukuncin ko shi wane ne a zaman farko, duka biyun ki bar su. Lokacin zuwa ya yi idan rashin barci, ƙin abinci, ƙin makaranta ko janyewa daga mutane sun kai mako biyu, ko da an riga an cire bidiyon.

A gida, wayoyin kowa su kwana a waje da ɗakin barci, har da naku, don kada ya zama hukunci a kansa shi kaɗai. Matashi na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma tsakar dare ne yaro ke komawa yana karanta zagin shi kaɗai. A makonnin farko ku sa lokaci ɗaya a rana da za ku duba saƙonni tare, sauran lokutan a kashe sanarwa. Kada zaman gida ya yi tsawo, domin kowane mako da ya ƙara komawa na ƙara wuya. Gara ya koma da rabin yini, da abokin da zai shiga aji tare da shi. Canza makaranta shi ne mataki na ƙarshe, idan hukumar makaranta ta ƙi motsi bayan zama biyu a rubuce ko kuma akwai barazana ga jikinsa. Idan aka kai ga haka, a canza lambar waya da asusu kafin ranar farko, a hana tsofaffin 'yan aji sanin sunan sabuwar makarantar, a kuma sanar da malami ɗaya a can cewa akwai bidiyon da zai iya biyo shi, don a tare shi tun ranar da ya fara bayyana.